Jirgin Ladan da Saƙon Jama'a

Duk wanda ya zauna cikin mutanenmu a unguwar Bronx ta New York a shekarun casa'in ya san Ladan Mai Teku. In bai gan shi ido da ido ba, to ya ji labarinsa a wajen suna ko a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a. Kowace al'umma da shahararren matafiyinta. Mu namu ke nan, kuma ba mu da wani.

A Gumel aka haife shi, inda ruwa mafi girma da ya sani shi ne kududdufin bayan gidansu, wanda da an gama girbin gero yake ƙafewa awaki su mai da shi wurin hutawa. Amma alamun ɗaukaka sun bayyana tun yana ƙarami. Wata rana uwarsa ta aike shi maƙwabta sayen daddawa. Sai da la'asar wani mai jaki ya dawo da shi daga wani ƙauye, babu daddawa, babu takalmin ƙafar hagu. Da aka tambaye shi yadda aka yi ya ɓata, ya ce shi bai ɓata ba, ƙauyen ya gano.

Da ya girma, yayarsa Halimatu, wadda take aikin nas a wani asibiti a New York, ta yi ɗawainiya ya zo karatun sanin ƙasa. Karatun ya tsaya a hanya, shi kuma ya tsaya a kan doguwar kujerar falonta a titin Grand Concourse. Cikin makonsa na farko ya hau jirgin ƙasa na D zai je Fordham Road, ya hau mai zuwa kudu, barci ya kwashe shi, bai farka ba sai ƙarshen layi a Coney Island. Nan ya fara ganin teku. Ya tsaya daga nesa, inda yashi bai ko jiƙa ba, ya ƙare mata kallo, ya dawo gida ya shaida wa Halimatu cewa akwai wani babban ruwa a kudancin garin nan da ya kamata hukuma ta sani.

A shekarar casa'in da biyu garin ya cika da bikin cikar shekara ɗari biyar da wani Bature ya ƙetaro teku ya ce ya gano ƙasar da ya tarar da mutane a cikinta. Ranar da manyan jiragen ruwa masu filafilai suka yi jerin gwano, ranar ake walimar suna a gidan Alhaji Braimah, ɗan Zangon Kumasi mai kantin kayan miya kusa da Fordham Road. Maza sun cika falo, ana cin shinkafa da wake ana kallon jiragen a talabijin. Ladan ya lashe yatsunsa ya nuna akwatin.

"Wai shi wannan da ake wa biki, me ya yi? Ɓata fa ya yi, aka ce ya gano. Ni tun ina yaro nake wannan aikin, ko lemo ba a taɓa buɗe mini ba."

"Ei, Ladan," in ji Braimah, "shi dai ya ƙetare teku. Kai titi ma sai an riƙe maka hannu."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta jawo komai. Ladan ya miƙe tsaye, ya tuɓe hula, ya ce shi zai yi abin da ba a taɓa yi ba: zai ɗauki ƙaramin jirgin ruwa shi kaɗai daga New York har gaɓar Afirka, ya gano mu kafin wani ya sake gano mu.

"Kafin sanyi ya shigo zan tashi. In ban tashi ba, kada wanda ya ƙara amsa sallamata a garin nan. Ku zama shaida!"

Ai kuwa an zama. Mai ɗaukar bidiyon suna yana tsaye a bakin ƙofa da kyamararsa a kafaɗa, jar fitilarta a kunne. Kafin mako ya zagayo, kaset ɗin ya shiga gidajen Bronx ɗaya bayan ɗaya, wani kuma ya tafi da kwafinsa Najeriya.

Babban matafiyi ba ya tafiya da aljihunsa, don haka Ladan ya shiga neman wanda zai ɗauki nauyin tafiyar. Ya sayi hular kyaftin a wajen masu kasa kaya a bakin titi, ya ari jakar hannu ta mijin Halimatu, ya fara da Souley, wani mutumin Damagaram mai aiki a ɗaya daga ofisoshin jakadanci na Manhattan. Souley ya saurare shi da idanu a lumshe, yatsu a harɗe a kan ciki.

"Bon. Mun ji. Abu ne na tarihi. Amma mi za mu samu ciki?"

"Suna, ranka ya daɗe. Za a rubuta sunanka a jikin jirgin."

"In ya nutse fa? Sunana ya nutse ke nan. Bon, ka komo bayan réunion, taron manya."

"Yaushe za a gama?"

"Ba a hwara ba tukuna."

Ya ba shi shayi da kalandar bara mai taswirar Afirka, ya raka shi har bakin lifta.

Braimah kuwa ko daina ɗaure buhun gari bai yi ba.

"Sponsor? Ni doya nike sayarwa, ɗan'uwana. Halimatu ya san ka zo nan?"

"Yaya ba ta da hurumi a harkar teku."

"To ka gaishe shi. Ka ce ya zo, kifi busasshe ya iso, mai kyau paa."

Saura mutum ɗaya, Hajiya Indo, shugabar ƙungiyar matanmu, wadda take zaune a Park Hill can tsibirin Staten Island. In ta ce a yi, an yi. Sai dai zuwa wurinta dole a hau feri, wato ƙaton jirgin ruwan nan mai kai ma'aikata ya dawo da su, mai girman unguwa guda, wanda mutane suke karanta jarida a cikinsa ba su ma san ana tafiya ba. Ladan ya shiga da ƙwambo, ya wuce har gaba ya tsaya, hannu a ƙugu, hular kyaftin a karkace, don mutane su fara saba ganinsa a haka.

Jirgin ya yi ƙugi ya saki gaɓa. Ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya leƙa ƙasa ya ga ruwa baƙi ƙirin, babu gindi, babu awaki. Ya rungume wani ƙarfe, ya zame a hankali har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa, ya karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Wata tsohuwar Baturiya mai saƙar safa ta ajiye allurarta, ta ba shi alewar na'ana'a, ta shafa masa baya tana kiransa "honey". Wani yaro ya tsinto masa hularsa. Ranar kuwa ko iska babu.

Kafin ya sauka ya gama yanke shawara. Teku dai ba zai shiga ba, ko da za a ba shi Gumel da kewayenta. Amma fasawa da bakinsa ba ta taso ba, ga kaset yana yawo. Hanya ɗaya ta rage: a rasa mai ɗaukar nauyi. In jama'a suka ƙi taimako, laifin jama'a ne, shi kuma ya ƙare rayuwarsa yana girgiza kai yana cewa mutanenmu ba su san darajar bincike ba. Mutum biyu sun riga sun ƙi. Saura Hajiya Indo ta ƙi, ya sha ruwa ya kwanta.

Don haka da ya zauna a falonta ya zage ya ɓata tafiyar da kansa.

"Hajiya, gaskiya abin akwai hatsari. Akwai kifaye masu haɗiye mutum da hularsa. Akwai guguwa. Dukiya za a zuba wadda ƙila ba za a sake ganinta ba. Ni kaina da ni ne ke, da ban bayar ba."

Hajiya Indo tana tsince shinkafa a faranti, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Allah ya kyauta. Ni kam ba ni da abin zubawa a ruwa."

Zuciyar Ladan ta yi fari tas. Ya fara laluben takalminsa.

"Af, tsaya," ta ce. "Shi jirgin naka, kaya nawa ake yarda mutum ya ɗauka? Akwati biyu ne kamar na sama?"

Da ya yi shiru da ya tsira. Amma bakin Ladan bai taɓa jin tambaya ya bar ta ta wuce ba.

"Haba Hajiya! Jirgin ruwa ai ba jirgin sama ba ne. Mu a teku ba a awo. Ko gida kika ɗora, ruwa ne zai ɗauka."

Hajiya ta ajiye farantin a hankali. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta miƙa hannu ta jawo wayar tarho.

Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai gane girman ɓarnar da Ladan ya yi wa kansa ba. Mu a nan, in mutum zai tafi gida, ɓoye ranar tafiyarsa yake yi ko liman ba ya gaya wa. Don da an ji, kowa zai zo da ɗan saƙo, "ɗan ƙaramin abu ne, ko a aljihu sai ka sa," sai ka ga ɗan ƙaramin abin yana da tayoyi. Mun sha ganin dattijo a filin jirgi sanye da riguna huɗu da takalmin wani, yana gumi yana rantsuwa cewa haka yake sa kaya. Abin da yake cetonmu kawai shi ne sikelin Turawan filin jirgi. Yau ga wani ya tashi ya ce zai je gida, kuma babu sikeli.

Kafin ferin dawowa ya gama wahalar da shi, labari ya riga shi isa Bronx. Ya tarar da Braimah a bakin ƙofar gidansu yana jiransa, hannu biyu a buɗe.

"Kyaftin! Ni dama tun ranan na ce yaron nan ya yi kai. Jirgi ni zan saya. Na ga wani na kamun kifi, mai shi ya tsufa, ya ce a ɗauka. Abu ɗaya ne kawai, ƙaramin firiza, ka ajiye wa tsohuwata a Kumasi. Kan hanya ne."

"Alhaji, Kumasi ba ta bakin teku."

"Ka tsaya tashar jirgin Tema ka yi tambaya. Kowa ya san shi."

Washegari Souley ya zo da kansa, wai réunion ta amince. Shi zai sayi mai. Sai dai akwai keken ɗinki da akwatin talabijin da za a kai Damagaram.

"Ranka ya daɗe, Nijar fa ba ta da teku ko kaɗan."

"Mun sani, mu munka zauna cikinta. Ka sabke a Kwatano, ka hau mota. Voilà."

Hajiya Indo ta ɗauki nauyin guzuri, ta kuma aiko da gado da katifa da kwabar jere na 'yar ƙanwarta a Kano. Daga nan ƙofa ta ɓalle. Aka kawo kekuna, aka kawo tukwanen lantarki, aka kawo buhunan shinkafa, aka kawo takalman ƙwallo ɗaure da igiya kowanne da sunan mai shi a tafin. Wani likita ya kawo injin gudu a wuri ɗaya, wai na babansa ne a Zariya, mutumin da yake zuwa gona a ƙafa tun kafin a haifi likitan. Falon Halimatu ya cika har sai an bi ta gefe ake shiga kicin.

Ladan ya shiga neman mafita kamar ɓera a tulu. Ya ce ba shi da kamfas. Malam Tsoho, limaminmu, ya zaro na duba alƙibla daga aljihu ya miƙa masa.

"Gabas za ka ai. Bi alƙibla, in ka ga ƙasa ka tsaya ka yi tambaya."

Ya ce shi bai taɓa tuƙa jirgi ba. Souley ya ce kamar taksi ne, sai dai babu ɗan sanda. Ya ce bai iya ninƙaya ba. Braimah ya ce to ai ba ninƙaya aka ce ya yi ba, shi ya sa aka saya masa jirgi.

Da ya ga babu sauran dabara, ya sami yayarsa a kicin da safe ta dawo daga aiki tana jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi.

"Yaya, na yi mafarki marar daɗi."

"Ni ma na yi mafarki. Na gan ni zaune a kan kujerata ta falo, na miƙe ƙafa."

"Yaya, maganar rai ake yi fa."

"Da ka miƙe ka tuɓe hula, ni ka yi wa shawara? Inna ta bugo waya daga gidan mai tarho. An nuna kaset ɗin a ƙofar gidanmu, unguwa ta taru har da masu kujera. Ta ce a gaya maka tana alfahari, kuma ka taho mata da bargo."

Ta nuna masa wani kwali a bayan ƙofa da haɓarta.

"Wancan injin markaɗe ne, nata ne shi ma. Kada ka ɗora masa komai a kai."

Aka sa rana, wata Lahadi a watan Satumba. Jirgin yana ɗaure a wani lungun bakin ruwa a gabashin Bronx, gefen wata gadar katako. Tsohon jirgi ne fari, mai ɗan ɗaki a tsakiya, an rubuta sunayen masu ɗaukar nauyi a jikinsa da jan fenti har sun zagayo sun haɗu. Da hantsi ruwa ya cika taf har yana lasar katakon gadar. Motoci suka yi ta zuwa suna sauke kaya da mutane. Aka sa firizar Braimah a tsakiya, ƙato shida suka ɗauke ta, sannan aka yi ta jibga sauran a kanta da kewayenta, katifar Hajiya Indo a can ƙoli. Duk abin da aka ɗora sai jirgin ya ƙara nutsawa kaɗan, mutane kuma su ce, "Ma sha Allah, ya zauna daram."

Ladan ya fito cikin babbar riga ta farar shadda, rigar ceto ruwan lemo a kanta, hular kyaftin a sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Shi kuwa ruwan kawai yake kallo.

Da wasu mutane ne, da sai a kwance igiya a ɗaga hannu. Amma mu ba ma sallamar matafiyi haka kamar an kori kaza. Souley ya fara jawabi, ya yi da Faransanci, ya maimaita da Hausa, sannan ya taƙaita da Turanci, taƙaitawar ta fi duka tsawo. Braimah ya ce shi da ya sayi jirgi ba zai yi ƙasa da wanda ya sayi mai ba, ya faro daga zuwan kakansa Kumasi da fataken goro. Hajiya Indo ta yi nata a madadin mata. Malam Tsoho ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya bi tashoshi ɗaya ɗaya daga New York har Gumel, ya nema wa kowace albarka, ya dawo ya bi waɗanda ya tsallake. Sannan masu saƙo suka yi layi, kowa da bayanin wanda za a ba da wanda ko kusa ba za a nuna wa ba.

"Ka ba Yaya Asabe hannu da hannu. In mijinta ne ya fito, ka ce ɓatan hanya ka yi."

"Ai ba sai ya yi ƙarya ba," in ji wata daga baya.

Aka buɗe kuloli aka ci tuwon shinkafa da dambu da wake da shinkafar 'yan Gana. Aka yi azahar a kan ciyawa. Da Ladan ya ga an fara naɗe tabarmi, sai ya ce shi ba zai shiga teku da haƙƙin kowa ba, sai ya nemi gafarar jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya bi maza, ya bi mata, ya tuno laifuffukan da masu su ma sun manta, ya nemi gafarar wani Bature da ya zo yawo da karensa. Duk wannan hidima a kan tudu ake yinta, kowa ya ba ruwa baya.

Da dai gafara ta ƙare, aka ɗunguma zuwa gada da kabbara. Na gaba suka tsaya cak. Na baya suka yi karo da su.

Babu teku. Daga gindin gada har can nesa laka ce baƙa tana sheƙi, ga tsofaffin tayoyi, ga ƙananan ƙaguwa suna kai da kawowa. Jirgin yana zaune a cikin lakar ya karkata gefe guda kamar saniya mai tuƙa. Ruwan kuwa ga shi can, siriri, kamar ba shi ne ɗazu yake lasar katako ba.

"Innalillahi! Har nan ma ɗauke ruwa ake yi?"

"Yau Lahadi. Ƙila ba sa sakinsa ran Lahadi."

"Wa ya taɓa wani abu? Yara, wa ya ja wani abu?"

Souley ya gyara tabarau. "Marée ce. Ruwa na tahiya, shi komo. Mun yi ta a lakwal, tun muna 'yan makaranta."

"Ka sani ka yi shiru?" in ji Hajiya Indo.

"Hajiya, ana cikin jawabi. Protocole bai yarda a katse ba."

Ladan ya dubi laka, ya dubi sama, wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har ɗan yatsa. Nan take ƙarfinsa ya dawo, muryarsa ta buɗe.

"Kun gani ko? Kun gani! Ni na shirya! Ku matsa, ko babu ruwa sai na tafi!"

Ya dira cikin jirgin, ya haye kan buhunan shinkafa, ya finciki igiyar inji don kowa ya shaida. Bai zaci zai tashi ba. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, farfelarsa ta kama laka ta yi ta feshi da ita sama. Sahun gaba duk manya ne, duk cikin fararen kaya. Kafin a lalubo yadda ake kashe shi, Souley ya koma kamar an tono shi, Malam Tsoho yana share gemu da hula, Braimah yana tofar da abin da bai san sunansa ba.

Ladan ya ce to tunda Allah bai nufa ba, sai a sauke kaya a koma gida, ba laifin kowa ba ne.

"A sauke me?" in ji Hajiya Indo, tana goge laka daga gwaggwaronta. "Ba an ce yana dawowa ba? Zauna nan inda kake. Mu da muka jira biza, ruwa ne zai gagare mu jira?"

Aka sake shimfiɗa tabarmi. Aka cinye guzurin kyaftin, tunda ana iya sake soya wani. Shi kuwa yana zaune a kan firiza cikin rana, ya zuba wa bakin ruwan ido yana roƙon Allah ya riƙe shi a can.

Da la'asar sakaliya ruwa ya juyo. Ya taho a hankali, ya rufe tayoyi, ya rufe ƙaguwa, ya zagaye jirgin. Jama'a suka miƙe da kabbara. Ruwa ya hau. Jirgin bai hau ba. Nauyin firiza da gado da injin gudu ya riga ya dasa shi a laka kamar turmi. Ruwa ya kai rabin sunayen masu ɗaukar nauyi, ya shafe su, ya leƙo ta gefen da ya karkata, ya fara shigowa kamar an yi masa izini.

Takalman ƙwallo ne suka fara fita, a jere. Tukwane suka bi su. Jirgin ya ƙara karkata, katifar Hajiya Indo ta zame daga ƙoli ta faɗa ruwa, ta juya sau ɗaya, ta kama hanya.

"Wayyo Allah! Jama'a ku cece ni! Yaya! Yaya Halimatu!"

Jama'a kuwa suka amsa kira. Mata suka ɗaure zane a ƙirji, maza suka naɗe wando, aka faɗa ruwa, wanda bai wuce ƙugu ba. Ladan ya miƙa hannu biyu daga kan firiza. Ta farko da ta iso ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa ta ɗauki tukunyarta. Souley ya iso yana haki.

"Miƙo mini keken ɗinki tukuna!"

"Ranka ya daɗe, nutsewa nake yi!"

"Bon, kai ka na bushewa. Keke tsatsa shi kai."

Braimah ya rungume firizarsa yana ce wa Ladan ya sauka daga kanta, ba kujera ba ce. Hajiya Indo tana tsaye a ruwa, hannu a ka, tana kiran katifa kamar za ta juyo.

Halimatu ce ta zo ƙarshe, bayan ta kai injin markaɗen Inna kan tudu. Mace ce da ta saba ɗaga majinyata. Ta juya masa baya ta ce, "Hau." Shahararren matafiyinmu ya hau, ya ƙanƙame wuyanta, ya naɗe ƙafafu kada su taɓa ruwa, babbar riga tana jan laka a bayansu. Haka ta ratso da shi har gaban jama'a, waɗanda suka tsaya a jiƙe, kowa rungume da abin da ya ceto, ana harararsa.

Ladan ya dube su ta saman kafaɗar yayarsa. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya irin ta wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"Salamu alaikum."

Tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga keken ɗinki.

"Kai ka ce kada a amsa in ba ka tashi ba," in ji Braimah. "Ka tashi?"

"Katifata dai ta tashi," in ji Hajiya Indo.

"Tsakaninku da Allah," in ji Ladan, "na zo ko ban zo ba? Na hau ko ban hau ba? Na ta da inji ko ban tayar ba? Malam, ga shaida nan a gemunka. To da ni da teku, wa ya fara ja da baya?"

Aka dubi Malam Tsoho. Malam ya ce mas'alar tana bukatar a duba littattafai.

"Sauka," in ji Halimatu.

"Ba zan taka ƙasar da ba a amsa sallamata ba."

Halimatu ta juyo da shi gaba ɗaya ta fuskanci jama'a, gumi da ruwan gishiri suna zuba daga goshinta.

"Don girman Allah ku amsa masa ya sauka daga bayana. Gobe ina da aikin safe."

"Wa alaikumus salam," jama'a suka ce, kamar ana cire musu haƙori.

Ya sauka, ya kakkaɓe riga, ya tambaya ko dambun nan ya yi saura.

Har yau in ka same shi zai gaya maka cewa shi ne mutum ɗaya tak da teku ta gani ta ja da baya. Mu kuma ba ma musu da shi, don duk wanda ya buɗe baki sai an tambaye shi abin da ya ɗora a jirgin.